Shaidar Inshorar Gini Ga Masu Fulat a Ingila da Wales: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin mutanenmu da suka sayi fulat a Landan, Manchester ko Birmingham ba sa tuna da maganar inshorar gini sai ranar da banki ko lauya ya ce a kawo shaida, ko ranar da ruwa ya tsiyayo daga silin. A lokacin ne ake gane cewa shekara da shekaru ana biyan kuɗin inshorar da ba a taɓa ganin takardarta ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan maimaituwa.

Na sayi fulat da kuɗina. Me ya sa ba ni nake yi wa ginin inshora ba?

Saboda abin da ka saya, a mafi yawan lokaci, ba ginin ba ne. Haƙƙin zama ka saya na dogon zango, shekara 99, 125, wani lokaci har 999, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ake kira lis. Wanda ya san takardar mallakar fili ta Najeriya, wadda gwamna ke bayarwa ta shekara 99 tun bayan dokar filaye ta 1978, zai gane tsarin nan da nan. Bambancin shi ne a nan wanda ke samanka ba gwamna ba ne. Yana iya zama mutum ɗaya, ko kamfani, ko kansila (wato ƙaramar hukumar yankin), ko ƙungiyar gidaje. Shi ne mai asalin ginin: tushe, katanga, rufi, matakala, duk nasa ne a takarda.

Don haka kusan kowane lis yana ɗora masa nauyin yi wa ginin gaba ɗaya inshora, ya kuma ba shi dama ya karɓi kuɗin a hannun masu fulat ta cikin kuɗin hidima na shekara. Akwai hikima a ciki. Idan bene mai fulat 20 ya ƙone, ba zai yiwu kamfanoni 20 su zauna suna gardamar wa zai biya kuɗin rufi ba.

Amma kada ka ɗauka haka naka yake sai ka buɗe lis ɗinka ka karanta. A wasu tsofaffin gidajen da aka raba gida biyu, sama da ƙasa, lis yakan ce kowa ya yi wa ɓangarensa inshora.

Wannan inshorar ta haɗa da kayan ɗakina?

A'a. Kujeru, talabijin, tufafi, gwal ɗin uwargida, duk wannan inshora ce daban wadda kai za ka saya in kana so. Ta gini takan rufe abin da ke manne da ginin, kamar bahon wanka da kabad ɗin kicin da aka kafa a bango.

Su wa ke neman wannan shaida?

Na farko banki, idan za ka karɓi bashin gida ko za ka koma wani bankin. Ba wanda zai zuba dubban ɗaruruwan fam a kan fulat ɗin da ba a tabbatar da cewa in ya ƙone za a sake gina shi ba. Na biyu lauyan mai saye, idan za ka sayar. Na uku kamfanin da ka ba wa fulat ɗin ya sa 'yan haya. Na huɗu kuma kai kanka, ranar da ɓarna ta auku kana neman sunan kamfanin inshora da lambar yarjejeniya.

Wa zan tambaya?

Ɗauko takardar neman kuɗin hidima ta ƙarshe da aka aiko maka. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1987 ta wajabta a rubuta suna da adireshin mai ginin a kanta. Galibi za ka ga kamfanin kula da gini ne ya aiko, a madadinsa. Fara da su. Kamfanoni da yawa yanzu suna ajiye takardar a shafin intanet na mazauna ginin, kana shiga ka sauke. Wasu kuma imel ɗaya ya wadatar.

Idan ba ka san ma wane ne mai ginin ba, hukumar rajistar filaye, HM Land Registry, tana sayar da kwafin rajistar mallaka ta intanet a kan fam 7, kuma sunan mai shi da adireshinsa suna ciki.

Alfarma suke yi mini, ko dole ne su ba ni?

Dole ne. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi rashin sani, kuma shi ya sa ake ta lallaɓa kamfani da "don Allah a taimaka" har wata uku.

Dokar ita ce Landlord and Tenant Act ta 1985, sashe na 30A da jadawalin da ke ƙarshenta. Ta ce duk wanda yake biyan kuɗin hidima da ya ƙunshi kuɗin inshora, kai tsaye ko a kaikaice, yana da ikon rubuta wa mai gini ya nemi taƙaitaccen bayanin inshorar. Daga ranar da takardar ta isa gare shi, kwana 21 gare shi ya amsa. Bayanin dole ya faɗi abu uku: adadin kuɗin da aka yi wa ginin inshora a kai, sunan kamfanin inshora, da irin haɗurran da yarjejeniyar ta rufe. In ya ga dama, maimakon taƙaitawa, yana iya aiko da kwafin yarjejeniyar kanta, kuma hakan ya fi ma.

Kalmar da za ka riƙe ita ce "a rubuce". Kiran waya ba ya sa kwana 21 su fara ƙirguwa. Tarar da ma'aikacin kamfani a bakin ƙofa ka yi masa magana ma haka.

Za ka iya miƙa buƙatar ga wakilin da ke karɓar kuɗi a madadin mai ginin, shi kuma doka ta ɗora masa ya isar da ita ba tare da jinkiri ba. In a gininku akwai ƙungiyar mazauna da aka amince da ita a hukumance, sakatarenta yana iya nema a madadinka da yardarka.

Me zan rubuta a wasiƙar?

Gajeriya, da Ingilishi, ba doguwar gaisuwa. Sunanka, lambar fulat da adireshin ginin, kwanan wata. Sai ka ce kai ne mai lis na wannan fulat, kana neman rubutaccen taƙaitaccen bayanin inshorar ginin a ƙarƙashin sashe na 30A da jadawalin dokar 1985, kuma kana sa ran amsa cikin kwana 21 kamar yadda doka ta tanada. A layi na biyu ka ƙara da cewa kana neman cikakkiyar yarjejeniyar da shaidar an biya kuɗinta.

Aika ta imel, ka kuma aika ta gidan waya ka karɓi rasidin aikawa, wanda kyauta ake bayarwa a can. Ambaton lambar sashen doka yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Wasiƙar da ba ta da shi tana iya kwana a akwatin ƙaramin ma'aikaci. Wadda take da shi takan haura sama.

Taƙaitaccen bayanin ya ishe ni?

Ga banki, sau da yawa shafi ɗaya ko biyu na shaidar inshora na shekarar da ake ciki ya wadatar. Ga kai da kake biya, bai isa ba.

Wannan jadawalin dai ya ba ka iko na biyu: ka nemi a ba ka dama ka duba yarjejeniyar gaba ɗayanta tare da takardun da ke nuna an biya kuɗin inshora, na wannan shekara da na wadda ta gabace ta. Nan ma kwana 21 ne. Dubawa kyauta ce. In kwafi kake so, suna iya cajin kuɗi daidai misali.

Rasidin biya yana da muhimmanci domin takardar shaida tana nuna an ƙulla yarjejeniya ne kawai. Ba ta nuna cewa kuɗin da aka tara daga hannunku ya isa kamfanin inshora ba.

To, an aiko. Me zan duba a ciki?

Nan ne ya kamata ka zauna da shayi ka ba abin minti 30, domin yawancin mutane suna tura wa banki ne kawai su rufe.

Fara da kwanan wata. Ba abin mamaki ba ne a aiko maka da ta bara. Sai adireshi: ka tabbata ginin naka ne, kuma adadin fulat da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ƙasa. Manyan masu gidaje sukan haɗa gine-gine da yawa a yarjejeniya guda, to a irin wannan ka nemi shafin da ya ambaci naku.

Sai adadin kuɗin. Mutane sukan firgita in sun ga bai yi daidai da farashin kasuwa ba. Ba farashin sayarwa ake rubutawa ba, kuɗin sake ginawa ne daga tushe: kwashe ɓaraguzai, biyan masu zane da injiniyoyi, siminti, ƙarfe, leburori. Tambayar da ta dace ita ce yaushe rabon da ƙwararre ya zo ya ƙiyasta wannan adadi. Ana ba da shawarar a yi haka duk bayan kimanin shekara 3. Kayan gini sun yi tsada ƙwarai tun daga 2020, kuma ginin da aka ƙiyasta shekara 10 da suka wuce ba a sake ba yana iya kasancewa an yi masa inshorar da ba ta kai ba. Illar ba sai ginin ya rushe duka take bayyana ba. Yarjejeniyoyi da yawa suna da sharaɗin cewa in an yi inshorar kashi 70 cikin 100 na abin da ya kamata, to ko ƙaramar ɓarna ce kashi 70 za a biya. Ragowar kuma a aljihun wa za ta faɗa? Naku.

Daga nan ka nemi kason da ake cirewa kafin kamfani ya fara biya. Ba ɗaya ba ne ga kowace ɓarna. Na gobara yana iya zama kaɗan, na zubar ruwa daga bututu ya ninka shi sau da yawa, musamman a ginin da ya sha yoyo a baya, na nutsewar ƙasa kuma yakan kai fam 1,000 ko fiye. Zubar ruwa ita ce matsalar yau da kullum a benaye, injin wanki na maƙwabcin sama, ko roba ta saki a gefen baho, don haka wannan layin shi zai fi shafarka.

Duba kuma ko akwai tanadin masauki idan fulat ya zama ba ya zaunuwa, da iyakar kuɗinsa. Duba ko an haɗa da neman inda yoyo ya fito, wato kuɗin fasa bango ko daɓe a gano bututun. A ƙarshe ka ajiye takardar kusa da lis ɗinka ka gwada: duk haɗarin da lis ya ce a rufe, an rufe shi?

Ban ga sunana a takardar ba. Na shiga uku?

Ba ka shiga ba. Sunan mai gini ko kamfaninsa ake sa wa a matsayin mai inshora. Yawancin yarjejeniyoyin benaye suna da layi guda da ke cewa an lura da haƙƙin duk masu lis da bankunansu kai tsaye ba sai an jera sunaye ba. Nemo wannan layin ka nuna wa lauyanka. In banki ya dage sai an ambace shi da suna, kamfanin kula da gini ne zai nema daga dillalin inshora, kuma wasu suna karɓar kuɗi a kan hakan.

Kwana 21 sun wuce, shiru kake ji. Sai me?

Ƙin amsawa ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba laifi ne a dokar, kuma tararsa tana kaiwa fam 2,500. Kansilar yankinku tana da ikon gurfanar da mai ginin. Gaskiyar magana, kansiloli ba su cika yin hakan ba, ma'aikata sun yi musu kaɗan, kuma ko an ci shi tara ba ita ce za ta kawo maka takarda a hannu ba. Amfanin wannan sashe shi ne ka ambace shi a wasiƙa ta biyu.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ta ƙorafi. Tun Oktoban 2014 kowane kamfanin kula da gidaje a Ingila dole ya kasance cikin wata hukumar sauraron koke da gwamnati ta amince da ita, ko The Property Ombudsman ko Property Redress. Ka shigar da ƙorafi ta tsarin kamfanin da kansa tukuna, in mako 8 sun wuce ba a warware ba, sai ka kai gaba. Ba ka biyan ko sisi.

Akwai kuma gajeriyar hanya. Tambayi maƙwabta. Wanda ya saya ko ya sauya banki a bana, takardar tana cikin imel ɗinsa. Ko da ta bara ce, za ka samu sunan dillali, ka rubuta masa kai tsaye. Hukumar LEASE, wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta, ita ma tana ba masu lis shawarar farko kyauta.

Zan iya riƙe kuɗin hidima har sai sun nuna mini?

Ban ba ka wannan shawara ba, duk da na san zuciya ita take raya wa mutum. Rashin nuna takardar inshora bai ba ka ikon daina biya ba. Bashin da ya haura fam 350, ko ya wuce shekara 3, yana iya buɗe ƙofar da mai gini zai bi ta kotu ya nemi ƙwace lis ɗin. Kafin a kai nan ma, sukan rubuta wa bankinka, banki ya biya ya ɗora a kan bashinka tare da kuɗin lauyoyi.

Ka biya, ka rubuta cewa biyan ba ya nufin ka amince. Sashe na 27A na dokar 1985 ya fayyace cewa biya kaɗai ba amincewa ba ne, don haka kana iya ƙalubalantar kuɗin daga baya a kotun gidaje, First-tier Tribunal a Ingila, ko Leasehold Valuation Tribunal a Wales.

Kuɗin inshorarmu ya ninka. Ina da ikon sanin nawa dillali ya ci?

Yanzu kana da shi. Bayan gobarar benen Grenfell a yammacin Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta hallaka mutum 72, an gano benaye da yawa da aka lulluɓe da kayan da ke cin wuta, kamfanonin inshora suka ja da baya, farashi ya yi sama. Hukumar kula da harkokin kuɗi, FCA, ta bincika ta fitar da rahoto a Satumban 2022 cewa matsakaicin kuɗin inshorar benaye masu fulat da yawa ya ƙaru da kashi 125 cikin 100 tsakanin 2016 da 2021.

Amma ba haɗarin wuta kaɗai ba ne. Binciken ya tono maganar la'ada. Dillali yana karɓar kasonsa daga kamfanin inshora, sai ya gutsura wa mai gini ko wakilinsa, wato mutanen da suka zaɓe shi. Wanda ke zaɓa ba shi ke biya ba, kuma duk yadda farashi ya hau, rabonsa ƙaruwa yake. Duk wanda ya taɓa aiken yaro kasuwa ya dawo da canjin da bai cika ba ya san wannan lissafi.

Daga 31 ga Disamban 2023 ƙa'idojin FCA suka tilasta wa kamfanoni da dillalai su shirya wa masu lis bayani duk lokacin da aka ƙulla ko aka sabunta inshora: abin da ta rufe, jimillar kuɗi da harajin inshora na kashi 12, la'adar da aka biya da wanda ya amfana, da adadin kamfanonin da aka nemi farashinsu. Ana miƙa bayanin ta hannun mai gini ko wakilinsa. In bai iso gare ka ba, kana iya neman sa wurin dillalin ko kamfanin inshorar. Dokar gyaran lis ta Mayun 2024 ta je gaba da haka, ta tanadi hana ɗora wa masu lis irin wannan la'ada, a maye gurbinta da kuɗin aiki bayyananne, sai dai wannan sashe ba ya aiki sai an fitar da ƙa'idojin aiwatar da shi.

Ka lura, doka ba ta ce sai mai gini ya zaɓi mafi arha ba. Ta ce kuɗin ya zama na hankali. In za ka je kotu, ka je da farashin wani kamfani a kan inshora iri ɗaya, adadi ɗaya, da tarihin ɓarnar ginin, ba wanda ka samo a shafin kwatanta farashi cikin minti 5 ba.

Ruwa ya lalata mini silin, mai gini ya ƙi kai rahoto. Zan iya kaiwa da kaina?

Za ka iya sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa ɓarna ta auku, ka bayyana irinta a taƙaice. Idan yarjejeniyar ta gindaya wa'adin kai rahoto kuma ka rubuta a cikinsa, dokar 1985 ta tsawaita wa'adin zuwa wata 6 daga ranar sanarwarka. Wannan ba ya nufin kai za a biya kai tsaye, yana dai hana a ce lokaci ya ƙure. Ɗauki hotuna, kuma kada ka fara gyara na dindindin kafin mai ƙiyasi ya zo.

Nakan tafi gida in yi wata biyu ko uku. Akwai matsala?

Tana iya kasancewa, kuma wannan ta shafe mu fiye da maƙwabtanmu. Mai zuwa Kano ko Zinder azumi da salla, ko mai haɗa aikin Hajji da hutu, sau da yawa yakan haura wata. Yarjejeniyoyi da yawa suna ɗaukar fulat a matsayin wanda babu kowa in ya yi kwana 30 a jere a rufe, wasu 45 ko 60. Daga nan sai su janye inshorar zubar ruwa da sata, ko su ce sai an rufe babban famfo, an bar na'urar ɗumama gida a kunne kaɗan lokacin sanyi, wani kuma yana leƙawa a kai a kai. Wannan sharaɗi ba ya cikin shafin shaida, yana can cikin cikakkiyar yarjejeniya. Karanta kafin ka sayi tikiti, ka sanar da kamfanin kula da gini, ka bar wa amintacce makulli.

Haka in za ka sa ɗan haya, ko ka riƙa bayarwa haya ta 'yan kwanaki ta shafin Airbnb. Lis da inshora duka suna iya hanawa.

Kansila ce mai gininmu. Haka dokar take?

Ikon neman bayani da duba takardu yana nan ga mai dogon lis. Abin da babu shi ne gurfanar da kansila a kan ƙin amsawa. Ƙorafi kuma, a Ingila, hukumar sauraron koken gidaje ta Housing Ombudsman ake kai wa, a Wales kuwa Public Services Ombudsman for Wales. Kansiloli da yawa suna aiko da taƙaitaccen bayanin tare da lissafin shekara.

Mu da muke guje wa inshorar gargajiya saboda addini fa?

Mai lis ba shi ke ƙulla wannan yarjejeniya ba, kuma ba shi da zaɓin fita daga cikinta. Hatta bankunan Musulunci da ke sayar da gida ba kuɗin ruwa suna sharɗanta inshorar gini. Hukuncin sai a tambayi malami, amma a kai masa bayanin yadda yake: tilas ce ta lis, ba kamar takaful da mutum ke zaɓa da kansa a Najeriya ba.

Idan ta tabbata babu inshora kwata-kwata fa?

Wannan ya wuce maganar wasiƙa ta uku, lauya ake nema a makon. Mai gini ya saɓa lis, kuma kai ma, ba da saninka ba, ka saɓa sharaɗin bankinka. Yakan faru a ƙananan gidaje inda mai ginin ya rasu, ko ya bar ƙasar, ko kamfaninsa ya rushe.

Ku haɗu da sauran masu fulat. Dillali yana iya samo muku inshorar wucin gadi kafin a warware. Na dindindin kuwa hanya biyu ce. Ko ku nemi kotun gidaje ta naɗa manaja a ƙarƙashin sashe na 24 na dokar 1987, ko ku kafa kamfaninku ku karɓi ragamar kula da ginin a ƙarƙashin dokar gyaran lis ta 2002, wadda ba ta buƙatar ku nuna laifin kowa, sai dai aƙalla rabin masu fulat su shiga. Da zarar kun karɓa, ku ne masu zaɓar inshora, kuma ku ne maƙwabci zai rubuta wa wasiƙar kwana 21.

Ina Glasgow. Duk wannan ya shafe ni?

A'a. Scotland ba ta da wannan tsarin lis a gidajen zama, mai fulat shi ke da abinsa kacokan. Dokar benaye ta 2004 ta ɗora wa kowane mai fulat ya yi inshorar ɓangarensa a kan kuɗin sake ginawa, ko shi kaɗai ko ta inshorar haɗaka da manajan gini ke shiryawa. Kowane maƙwabci yana da ikon rubuta wa ɗan'uwansa ya nemi shaidar inshora da ta biyan kuɗinta, kuma wa'adin amsa a can kwana 14 ne.